Muryar Yaya a Cikin Injin Auta

Mu uku mahaifiyarmu ta bari a duniya: Yaya, sai ni, sai ƙanenmu namiji. A Gashuwa aka haife mu duka, a unguwar masunta, inda ruwa ke zuwa har gindin danga idan damina ta yi albarka. Ni aure ya kawo ni Nguru tun da ƙuruciya, na zauna, na haihu, na aurar, na binne miji, har harshena ya juye ya zama na nan. Yaya kuwa ba ta taɓa barin bakin kogi ba. Badanci, yaren gidanmu da uwarmu ta shayar da mu, a bakin Yaya ya zauna daram. Ni abin da ya rage mini sai gaisuwa da korar akuya.

Da ciwo ya kama ta, na ce a kawo mini ita, aka kawo ta. Ta yi rani da damina a ɗakina, a kan gadon da nake kwana yanzu.

Autata ce ke zaune da ni. Mijinta direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida, shi ya sa ta dawo kusa da ni ta buɗe ɗan shago a zaurenmu, tana buga wa mutane takardu da katin biki. Kwamfutar da take aiki da ita tsohuwa ce, ta hannu, wadda wani malami ya gaji da nawarta ya rabu da ita. Auta ta ce ba tsufa ne ya kashe ta ba, kayan da aka ɗora mata ne suka fi ƙarfinta. Ta kwashe abin da ke ciki ta zuba wani, wanda ake ce wa Linuks, sai ga tsohuwar aba tana gudu kamar an yi mata sakiya.

To, idan la'asar ta yi, masu takarda sun ɗauke ƙafa, sai Auta ta ɗauko injin nan ta ajiye a gindin darbejiya kusa da tabarmar Yaya, ta ce, "Iya Babba, ki yi ta magana, zai riƙe."

Yaya ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan farantin? Kunnen mutum mai jini bai riƙe maganata ba sai faranti?"

Amma ta yi. Ta yi tatsuniyoyin uwarmu, ta yi waƙoƙin niƙa, ta ba da labarin shekarar da ruwa ya ci unguwarmu muka kwana a kan tudu da tukwane a ka. Wani da Badanci, wani da Hausa, yadda ya zo mata. A tsakiya takan yi tari, takan tsaya ta zagi kaza, takan juyo ta kira ni da wani suna da ita kaɗai ta rage tana kirana da shi tun ina tatata. Duk injin ya riƙe, har da kazar.

Da Allah ya karɓi abinsa, ƙanenmu ya zo zaman makoki. Auta ta ce masa, "Kawu, akwai muryarta, in kunna maka?" Ya ɗaga hannu ya ce ba yanzu ba. Ya koma Gashuwa bai ji ba. Ni kuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai na zauna a zaure na ce a buɗe mini Yaya. Ba kuka nake zuwa yi ba. Zuwa nake a kira ni da sunan nan.

Zaman zauren ne ya sa na san halin Linuks. Ashe ba abin da ake zubawa a manta ba ne. Kamar ɗakin ƙasa yake, kullum akwai inda ake dubawa, akwai inda ake liƙewa. Masu yin sa suna warwatse a ƙasashen duniya, kuma ba sa gajiya da aiko da gyara. Wannan ya toshe kafar da ɓarawo zai bi ya shigo, wancan ya gyara abin da ke sa injin buga takarda taurin kai. Sabuntawa Auta ke kiran abin. Tana da ƙa'idodinta a kai. Ba ta yi sai rana ta take, sola ta cika batir, domin ta ce aikin ba ya son a yanke shi a tsakiya. Kuma ba ta yi sai ta fara karanta abin da mutanenta masu aiki da Linuks suka rubuto, ta ji ko gyaran ya zauna wa wasu lafiya ko ya ɓata musu ciki.

Ran nan na ce mata, "Su waɗannan mutanen, wa ke biyan su?"

Ta ce, "Wasu ana biyansu, Inna. Da yawa kuwa ba kowa."

Na ce, "To gayya ce ke nan."

Ta ce, "Gayya ce."

Na ce, "Wa ke dafa wa 'yan gayyar abinci?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, don da gaske nake tambaya. A inda na tashi ba a kiran gayya a bar mutane da yunwa.

Daga nan na saba. Idan ta gama karatunta sai na ce, "Me aka ce a garinku?" Ita kuma sai ta juya mini da Hausa. Na ji labarin wani dattijo da ya daɗe yana kula da ɓangaren tsofaffin injinan buga takarda, ya rubuto cewa idonsa ya yi rauni, yana neman wanda zai karɓa. Na yi masa addu'a, don na san abin da ido yake. Na ji labarin wasu biyu da suka yi ta musu mako da mako a kan inda za a ajiye wani ɗan maɓalli, hagu ko dama. Na ce, "Manya da gemunsu?" Ta ce, "Ban ga gemunsu ba, Inna, amma zafin kansu na manya ne." Akwai kuma wata mata a wata ƙasa mai sanyi, wadda duk wanda ya yi tambayar wauta ita ke amsa masa a hankali, ba tsawa, ba gori. Auta ta sha cin moriyarta. Ni na sa mata suna uwar ɗakin Auta, kuma idan aka kwana biyu ba a ji ta ba sai na tambaya ko lafiya.

Ana nan, ana nan, wata rana da farkon damina Auta ta gama karatu ta yi shiru. Na ce, "Rasuwa aka yi?"

Ta ce, "A'a. Shela aka yi. Zubin da ke cikin injina ya tsufa. Nan gaba kaɗan za su daina aiko masa da gyara, sai dai kowa ya koma sabon zubi. Wannan ba ɗan liƙi ba ne irin na kullum, Inna. Kusan komai za a canja."

Na ce, "Yaya fa?"

Ta ce, "Tana wurinta, ba a taɓa kayan mutum."

Na ce, "Kin tabbata?"

Auta ba ta iya ƙarya ba, tun tana ƙarama fuskarta ke tona ta. Ta ce, "Yawanci lafiya ake gamawa. Amma sun ce kowa ya kwafi kayansa ya ajiye a wani wuri kafin ya fara, don akan samu akasi."

Akan samu akasi. Na ce mata injin nan ba za a yi masa komai ba, ya zauna yadda yake. Ta ce idan ya zauna ba gyara, ƙofarsa a buɗe take, ga takardun mutane a ciki, na asibiti da na makaranta da na gado. Na ce takardun mutane suna da masu su a raye, a sake bugawa. Yaya wa zai sake bugo mini ita? Auta ta koma kan aikinta. Ita ma ba gaggawa take yi ba, don kullum tana karanta yadda sabon zubin ke yi wa waɗanda suka riga ta, tana ganin masu tsofaffin injina irin nata suna kawo ƙorafi ana ba su amsa. Amma na ga abin yana cin ta. Duk ranar da ta karanta labarai sai ta dube ni, ni kuma sai na dubi darbejiya.

Gero ya fara bununi sai ga saƙo daga Gashuwa ta bakin wata mai kawo bandar kifi. Ƙanena ya ce a gaya mini idonsa ya ƙara dushewa, tafiya ta gagare shi, amma yanzu zuciyarsa ta iya ɗauka, yana son ya ji Yaya.

Auta ta ce, "Inna, ga hanya ta samu. Zan kwafe muryar duka a filashi ki kai wa Kawu. Yana da rediyo mai cin filashi. Kin ga Iya Babba ta zama tana gida biyu. Idan wani abu ya sami na nan, na can yana nan."

Wannan na gane shi, don ba mai hankalin da ke zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya. Amma na kafa mata sharaɗi. Na ce, "Ba za ki taɓa injin nan ba sai na ji ta da kunnena a Gashuwa."

Ta ce, "Na yarda. Sai an kira ni daga can."

Filashin, ɗan abin da ake juye murya a ciki a ajiye, bai fi gaɓar yatsa ba. Na ƙulle shi a haɓar zanena, ƙulli a kan ƙulli, na tusa a ƙugu. Da sassafe na shiga mota. Hanya duk ta yi kore, ruwa kwance hagu da dama, shanu a ciki har gwiwa. Hannuna bai bar ƙullin nan ba. Muna wuce Jajimaji wata Bafulatana da ke kusa da ni ta ce, "Inna, ciki ne ke ciwo?" Na ce a'a, yayata nake riƙe da ita. Ta dube ni, ta ɗan matsa gefe.

Da hantsi na isa. Gida ya cika da lale marhabin, maƙwabta suka yi ta shigowa, wannan ta tuna mini da mahaifiyarta, waccan ta kawo jikanta in sa masa albarka. To a cikin wannan hayaniyar ne matar ƙanena ta yi abin da kowace matar gida mai hankali za ta yi. Baƙo ya sauka, ana sanar da gidan da ya fito. Ta ɗauki waya ta kira Auta ta ce mata, "Innarki ta iso lafiya." Auta ta ce, "Saƙon fa?" Ta ce, "Yana nan tare da ita, komai lafiya lau." Ni ban san an yi ba, ina can ana ta jan hannuna. Ita ba ta san da wani sharaɗi ba. Auta kuwa kira ta ce za ta jira, ga kira ya zo, ga rana ta take a Nguru, ga batir ya cika. Ta yi bismilla ta fara.

Mu a can ba mu buɗe maganar ba sai da aka ci abinci, aka yi azahar, baƙi suka watse, domin irin wannan ba a yin sa a gaban taro. Sannan ƙanena ya ce a ɗauko masa rediyo. Ya zauna a kan buzunsa, ya gyara hula kamar wanda zai gana da babban mutum. Na kwance ƙulli na miƙa. Ya lallaba da yatsa ya sami ramin, ya cusa. Rediyo ya yi ɗan ƙara, wata mace ta yi magana da Turanci a ciki, sai shiru.

Muka jira. Shiru.

Ya cire ya hura masa iska ya mayar. Shiru. Matarsa ta karɓa ta goge da bakin mayafi ta mayar. Shiru. Ta ɗauko nasu filashin na wa'azi ta sa, nan take malam ya kama magana tangaran. Ta mayar da nawa, rediyo ya koma bebe.

Ƙanena ya ce, "Yaya Ƙarama, ko ya jiƙe a hanya?"

Na ce ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Matarsa ta ce mu je bakin kasuwa, akwai mai tura wa mutane waƙa da karatu a waya, yana da kwamfuta. Muka je. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya cusa filashin a injinsa, ya ƙura ido, ya girgiza kai.

Ya ce, "Hajiya, babu komai a nan."

Na ce, "Sake dubawa, ɗana."

Ya juyo mini da gilashin kamar zan iya karantawa. Ya ce, "Kin gani, inji ya ce bai san shi ba, sai an wanke shi kafin a yi amfani da shi. In wanke miki? Yanzu zai dawo sabo, in zuba miki duk abin da kike so, karatu ko waƙa."

Na ce, "Idan aka wanke, abin da ke ciki fa?"

Ya ce, "Ai babu komai a ciki."

Na ce, "Idan da akwai fa?"

Ya ce, "Sai ya tafi."

Yatsansa na kan maɓalli. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya cire mini abina, ya cire, na karɓe na mayar da shi haɓar zane. A raina kuwa ina cewa alhamdu lillahi da na kafa sharaɗi, na gida yana nan ba a taɓa ba. Na ce wa matar ƙanena ta kira mini Auta in gaya mata ta dakata.

Auta ta ɗauka. Tun daga sallamarta na san ba lafiya ba.

Na ce, "Kada ki taɓa injin nan. Filashi ya zo wayam."

Ta ce, "Inna, ai na riga na yi. An kira ni da hantsi aka ce komai lafiya."

Matar ƙanena da ke jin mu ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni, sauka na faɗa mata!"

Na ce, "To an yi an gama. Buɗe mini Yaya in ji ta a waya."

Ta ce, "Injin bai tashi ba tukuna. Ya gama, ya kashe kansa ya kunna, sai fuskarsa ta yi baƙi. Ga hadari ya rufe rana, batir ya kusa ƙarewa, dole na kashe shi." Ta ja numfashi ta ce, "Inna, ki saurare ni. Filashin nan ina jin lafiyarsa ƙalau, ni na yi kuskuren shirya shi. Kada ki bari kowa ya wanke shi. Kin ji? Kowa."

Rediyo ya ce babu, mai kwamfuta ya ce babu, wadda ta ce akwai kuma kuka take shirin yi. Na tsaya a bakin kasuwar Gashuwa, mutane na wucewa da kwandunan kifi, na ji kamar yau ne aka fito da makarar Yaya, kuma wannan karon ba abin da za ta bari.

Na so in juya a ranar, ƙanena ya hana, don ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bai yi wa kowa faɗa ba. Matarsa ta yi ta ba ni haƙuri, na ce mata ba ta yi laifi ba, abin da aka koya mana ta yi. Shi kuwa ya mayar da rediyonsa cikin jaka ya rataye, ya ce, "Da na ji ta tun ranar da aka ce in ji."

Washegari gari ya waye tas, na kama motar farko. Da na shiga zaure na tarar da Auta zaune gaban injin, idanu sun kumbura, waya a hannu. Ta durƙusa za ta fara ba da haƙuri na ce ta tashi, ba wannan ya kawo ni ba.

Ta ce, "Jira nake rana ta ɗaga. Inna, abin nan da ya faru an faɗe shi. Uwar ɗakina ta rubuta tun kwanaki cewa tsofaffin injina irin nawa sukan tashi da baƙar fuska bayan sabon zubi, ba mutuwa suka yi ba, ɓangaren da ke nuna hoto ne bai daidaita ba. Ta rubuta yadda ake yi. Na karanta a lokacin, na adana a waya. Jiya tsoro ne ya rufe mini kai, ga batir babu."

Na shimfiɗa tabarma na zauna. Ban cire mayafi ba, ban sha ruwa ba. Wani ya leƙo da takarda a hannu, Auta ta ce ya dawo an jima. Muka zauna muna jiran rana kamar masu shanya.

Da batir ya samu, ta kunna. Baƙi ƙirin. Ta danna wasu maɓallai tare, sai ga 'yan fararen rubutu sun fito a saman baƙin, ƙanana kamar tururuwa. Ta dubi waya, ta buga, ta sake duban waya, ta goge, ta sake bugawa a hankali, leɓenta na motsi. Rubutu ya yi ta gudu sama. Ta kashe, ta kunna, ta ɗora hannuwa a ka.

Sai haske ya kawo.

Fuskar da ta fito ba wadda na sani ba ce, launi daban, komai ya canja wuri. Na ce wannan ai gidan wasu ne. Auta tana ta laluben hanya, ta shiga nan ta fita, ta shiga can. Sannan ta danna.

Tari aka fara yi. Tarin da na sani. Sai muryar ta ce, "Kai, wannan kaza, Allah ya haɗa ki da shaho." Sannan ta kira ni da sunan nan, ta ce in miƙo mata ruwa.

Na ce, "Na'am, Yaya."

Auta ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Ni dai na ji wata irin gajiya mai daɗi ta sauko mini tun daga wuya. Sai a lokacin na ce a ba ni ruwa.

Da muka natsu ta ce in kawo filashin. Ta cusa a injinta, sai ga komai a jere, ba abin da ya ɓace. Ashe duk tsawon jiya da nake makoki a kasuwa, Yaya na ƙuguna lafiya lau. Auta ta ce ita ta shirya filashin da tsarin injinta, ta manta rediyon Kawu da kwamfutar mai shago ba su san wannan tsarin ba, shi ya sa suka ce babu kowa a gida. Ta samo wani filashin ta shirya shi yadda rediyo ke ganewa, ta juya muryar ta zuba. Wannan karon ba ta yarda da kanta ba. Ta aro rediyon maƙwabciyarmu ta gwada a gabana, Yaya ta yi magana a ciki, sannan ta miƙo mini. Na farkon kuma ta sa a gwangwani ta rufe ta ce wannan na ajiya ne.

Ta zauna za ta rubuta wa mutanenta yadda ta kaya, har da zancen rediyo, don wani ya kiyaye. Na ce ta gaya wa uwar ɗakinta wata tsohuwa a Nguru ta gode, Allah ya raya mata zuri'a idan tana da su, idan babu ya ba ta abin da ya fi. Auta ta ce Turancinta ba zai ɗauki duka ba, amma za ta yi ƙoƙari.

Ban yi kwana da yawa ba na koma Gashuwa. Wannan zuwan ban jira baƙi su watse ba. Ina shiga na ce a sauko da jakar rediyo. Ƙanena ya ce, "Yaya Ƙarama, ki sha ruwa mana." Na ce ruwa ba ya guduwa.

Ya cusa filashin. Matar nan ta Turanci ta yi maganarta, sai ga Yaya, da Badanci, tana tsakiyar labarin shekarar ambaliya. Ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan rediyon. Matarsa ta zauna a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi. Ba wanda ya motsa. Yaya ta bi labarin tiryan-tiryan, yadda ruwa ya shigo, yadda uwarmu ta ɗora mana tukwane, yadda aka zuba mu a kwalekwale. Sai ta zo inda ta ce ƙanenmu, saboda tsoro, ya saki ɗan akuyar da aka ba shi riƙo ya faɗa ruwa, ya yi ta ihu yana kiran uwa.

Ƙanena ya ɗago kai. Hawaye na bin gemunsa, amma fuskarsa ta murtuke.

Ya ce, "A'a, Yaya. Ba haka aka yi ba. Akuyar ce ta fizge."

Yaya ta ci gaba da maganarta, tana dariya a ciki.

Ya juyo wajena ya ce, "Kina nan fa aka yi. Faɗa mata."

Na ce, "Ni ƙarama ce a lokacin, ban gani ba."

Ya ce, "Kullum haka kuke, ku biyu, baki ɗaya." Ya share fuska da hannun riga, ya lalubi maɓalli, ya ce wa matarsa, "Zo ki mayar mini da ita baya. Daga inda aka shiga kwalekwale."